Yadda ake buga bindigar gargajiya ana tafiya a hawan sallah

Duk shekara da azumi ya kai goman ƙarshe sai samari su fara sintiri a ƙofar gidanmu, wannan ya ce Kawu bana fa da ni za a fita, wancan ya ce Baba a saka ni a layi ko a can baya ne, kuma abin da ke ransu duk ɗaya ne, ƙarar nan da hayaƙin nan da ake toshe kunne ana ihu. Na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin zaure, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda mu aka koya mana, mai son shiga ya karanta kafin ya zo ya same ni.

Bindigar da nake nufi ita ce ta ɗuri, wadda wasu ke ce wa bindigar toka, wadda ake bugawa da albarushi zalla babu harsashi a cikin tawagar Mai martaba. Ba zancen farauta nake ba, balle bindigar zamani. Aikin nan yana da asali, tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka fara kawo bindigogi daga ƙasar Nupe, Sarki Babba Zaki kuma da ya hau a 1768 shi ya fara ajiye 'yan bindiga suna tsaron sarki. A Disambar 2024 UNESCO ta saka hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, ga shi yanzu kowa da waya a hannu, in ka yi shirme ba a unguwarku zai tsaya ba.

Maharbi saitinsa nama. Mu saitinmu sararin sama ne, gurin da babu mutum, babu doki, babu wayar wuta, babu reshen bishiya. Zaka ce ai sama faɗi gare ta wa zai kuskure ta, to wallahi ana kuskurewa, saboda kana tafiya ne cikin turmutsutsu, ƙasa ba daidai ba, ga dawakai ga yara, kuma bakin bindiga duk inda ƙafarka ta karkata can yake bi. Aikin na ƙafa ne da ido, ɗan yatsa shi ne na ƙarshe.

Kayan da zaka tanada

Bindigar kanta, wadda babbanku ya duba ya yarda da ita. Kar ka ɗauko ta kakanka da ta shekara ashirin a rataye a soro ka ce da ita zaka fita. Sannan izini, wannan ba wasa ba ne, dokar bindigogi ta 1959 ta ambaci bindigar ɗuri da sunanta kuma lasisinta a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha yake, bayan haka dole sunanka ya kasance a gurin shugaban 'yan bindigar da zaka bi. Mutum ba ya saɓo bindiga daga gida ya faɗo cikin hawa dan kansa.

Sandar ɗuri, ta katako ko ta tagulla ta fi, in ta ƙarfe ce a saka mata kan tagulla dan kar ta goga ta ba da tartsatsi. Ma'auni, wato ɗan abin da ake auna albarushi, wanda aka yanka daidai da bindigarka. Ba zan rubuta maka adadi a nan ba kuma kar ka karɓa daga bakin aboki, kowace bindiga da faɗin bututunta da kaurin ƙarfenta, wanda ya san ta shi zai yanka maka ma'aunin. Mazubin albarushi mai murfi, ƙaho ko fata. Abin kunnawa, ɗan abin nan da ake ɗorawa a gindin bututu ƙarfe ya sare shi ya ba da wuta, mu a gurinmu hula muke ce masa, a ajiye shi a aljihu daban ba tare da albarushi ba. Takarda mai laushi ta toshiya. Ɗan siririn tsinken waya na buɗe hudar wuta. Tsumma biyu, ɗaya mai ɗanshi ɗaya busasshe. Jakar fata mai marufi, a kasuwar Kurmi zaka samu dukawa su ɗinka maka yadda kake so.

Sai na jikinka. Kaya na auduga, kar ka sa yadin roba mai sheƙi komai kyansa, tartsatsi ɗaya ya faɗa masa narkewa yake ya manne a fata. Hannun riga kar ya yi yalo-yalo. Takalmi rufaffe mai kama ƙafa, ba silifas ba. Abin toshe kunne na soso, ana samu a kemis da gurin masu kayan gini, in babu ka cusa auduga, ba ta kai shi ba amma ta fi babu. Ƙarar bindiga tana wuce abin da kunne ke jurewa nesa ba kusa ba, je ka zauna da tsofaffin 'yan bindiga ka ga sau nawa zasu ce maka "na'am?" kafin ku gama gaisawa. Tabarau fari na kare ido, samari na jin kunyarsa wai ba ya shiga da kayan gargajiya, ni dai ina sa nawa. Da gorar ruwa.

1. Duba bindiga tun saura sati biyu

Fara da tabbatar babu komai a cikinta. Ka zura sandar ɗuri har ta taɓa ƙasa, ka yi mata alama daidai bakin bututu, ka zaro ka jera ta a jikin bututun daga waje ka ga ko ta kai har hudar wuta. In ta tsaya sama da nan to akwai abu a ciki, ko tsohon ɗuri na bara da aka manta, ko gidan zanzaro. Zanzaro na son bututun bindiga kamar me, zai kwaso laka ya gina a ciki ta bushe ta zama kamar siminti, ka ɗura a kai ka buga, bututu ya tsage a hannunka. In ta kai hudar, alamar nan da ka yi wa sanda ka yanke ta da wuƙa ta zauna, ita ce "babu komai". Daga baya zaka ƙara ta biyu, ta ɗuri ɗaya.

Ka haska toci a ciki ka duba tsatsa mai rami, ka bi jikin bututun da yatsa ko zaka ji kumburi ko tsaga, ka girgiza ƙotar ka ji ko tana motsi, ka ɗana ka ga ko tana zama daram ba ta zamewa da kanta. Duk wadda ta faɗi ɗaya daga cikin nan gurin maƙeri zata, ba a ɗaure ta da waya ko robar taya a ce Allah ya kiyaye.

2. Koyon tafiya, babu albarushi

Nan ne yawancin yara ke gundura, kuma nan ne aikin yake. Ka samu fili, ka riƙe sanda mai nauyin bindiga ko taɓarya in babu bindigar a hannunka. Bakin yana kallon sama, gindin yana wajen ƙugunka na dama in kai badame ne, hannun hagu ya riƙe tsakiya, ɗan yatsan dama a miƙe a jikin katako nesa da kunama, wato ɗan ƙarfen da ake ja bindiga ta tashi. Haka zaka yi ta tafiya.

Takun gajere ne. Gwiwa a ɗan sake, kar ka ƙame ta, duddugen ƙafa ya fara sauka sannan tafin ya bi a hankali. Ka taɓa lura da 'yar Fulani mai tallan nono, ƙwarya uku a kai tana hira tana tsallake kwata ba abin da ya zube? Daga ƙugu zuwa ƙasa ke aiki, sama a tsaye cak. Abin da kake nema kenan. Babanmu Allah ya jiƙansa kofin silba yake cika mana da ruwa taf ya ce mu zagaya tsakar gida sau goma, wanda ya zubar ya sake daga farko, a lokacin muna ganin mugunta ce. Ka yi wannan kwana uku, sannan ka koma sandar, ka sa ƙaninka ya tsaya a gefe yana kallon kan sandar kawai, duk sanda ta sunkuyo ta kalli tsayin mutum ya daka maka tsawa. Ranar farko zaka sha tsawa har ka ji haushi.

Sai ka ƙara wahala. Juyawa hagu da dama, tsayawa ba shiri, ja da baya taku biyu, tsallake dutse, waiwaye in an kira sunanka. Waiwayen nan shi ne mugun, mutum in ya juya kai kafaɗa na bi, kafaɗa ta bi bindiga ta bi, sai kaga bakin ya share layin mutane gaba ɗaya shi bai ma sani ba. Koyi juya wuya kaɗai. In kuma tuntuɓe ka yi to ka faɗi da gwiwa ko da gefe bindiga na sama, kar ka dogara ta a ƙasa kamar sanda, bakin ya cika da ƙasa ka koma maganar zanzaro.

Kar ka yi atisayen nan a siminti mai santsi kawai. Hanyar hawa akwai yashi, akwai kwalta da ta farfashe, akwai kashin doki sabo mai zamewa kamar kuɓewa, akwai kwalbatin da ba murfi. Idonka yana aiki uku a jere, ƙasa taku uku a gabanka, bayan na gabanka, sama. Ƙasa, gaba, sama, haka har ya zama ba sai ka tuna ba.

3. Ɗuri

Ba a ɗuri ana tafiya. Na san zaka ce ka ga wane yana yi, ka bar wane da halinsa. Ka fita gefen layi ko ka jira inda tawaga ta tsaya, gindin bindiga a ƙasa, bakin ya karkata nesa da fuskarka da ta maƙwabcinka, babu hula a kai, ba a ɗane take ba.

In ka riga ka buga sau ɗaya, ka zura tsumma mai ɗanshi sau ɗaya ka bi da busasshe kafin ka zuba komai. Dalili, bayan bugu ana samun ɓurɓushin takarda ko dattin albarushi yana ci a ciki ba ka gani, ka zuba sabo ya tashi nan take. Shi ya sa kuma ba a zubawa kai tsaye daga mazubi. Ka zuba a ma'auni, ka rufe mazubin ka mayar jaka, sannan ka juye ma'aunin. In tsautsayi ya faɗa abin da ke ma'auni kaɗai zai tashi ya ƙona maka yatsa, in kuwa ƙahon gaba ɗaya ne a bakin bututu to zancen hannu ake ko fuska.

Ka saka takarda, ka tura da sanda har ta zauna a kan albarushi ba tare da ka bar fili a tsakani ba. Riƙon sandar da yatsu biyu ko uku ta gefe, kar ka ɗora tafin hannu a kanta, kar ka leƙa. Ba sai ka yi ta kirɓa kamar mai daka sakwara ba, dannawa biyu masu kyau sun isa. Ka duba alamar ɗuri ɗaya. In sandar ta tsaya sama da alamar ka yi ɗuri biyu kenan, cikin hayaniya da kiɗa abu ne mai sauƙi mutum ya manta ya riga ya zuba, to wannan bindigar ba za a buga ta ba, a kai wa babba ya kwashe. Sannan ka ZARE SANDAR ka mayar gurinta. Sandar da aka manta a bututu mashi ce.

Abubuwan da ba sa shiga bindiga ko da wasa: tsakuwa, ƙusa, ƙasa, roba, tsumma mai kauri da aka cusa dan ƙara ta yi yawa. Haka garin harsashin zamani, ko na nokawut ɗin yara, ko kan ashana da aka kankare. Waɗannan ƙarfinsu da saurin cinsu ba irin na albarushi ba ne, bututun maƙera ba zai ɗauka ba. In albarushi ya ƙare to ka gama bugu na ranar, ka saɓa bindigarka ka ci gaba da rakiya, ba wanda zai ce ba ka yi hawa ba.

Hula ita ce ƙarshe, kuma ba a ɗora ta sai an kusa gurin bugu.

4. Zaɓen guri

Ba ko'ina ake bugawa ba, kuma ba kai ke zaɓa ba, babbanku ke ba da alama. Amma ko ya bayar, sararin da ke saman kanka kai ke da alhakinsa, shi ba ya ganin abin da kake gani. Cikin gari wayoyin wuta sun yi saƙar gizo-gizo, ga rumfunan kwano, ga allunan talla, ga yara a kan katanga da saman bene da kan bishiya, musamman ranar hawan Daushe da ake cika maƙil tun daga hanyar Babban Ɗaki, gidan mahaifiyar sarki, har Ƙofar Kudu ta fada. Yaron da ke kan katanga yana daidai inda kake ɗauka sama ce.

Kar wani ya ruɗe ka da cewa ai ba harsashi. Abin da ke fita wuta ce da takarda mai ci da ƙwayoyin albarushin da basu gama ƙonewa ba, a kusa suna huda fata su zauna a ciki, ido kuwa ba a magana. Ka lura da iska ma. In tana busowa daga gabanka duk tartsatsin kanka zai dawo da kan na bayanka.

Sai doki. Dawakan fada da yawa sun saba, amma a hawa akwai na haya da na aro da wanda yau ya fara ganin taro, ga ɗan shekara bakwai an naɗa masa rawani an ɗora shi a kai. In doki na dab da kai, ko yana rawar ƙafa yana kaɗa kunne baya, ka haƙura da wannan bugun. Lungu mai katanga hagu da dama shi ma ka bar shi, ƙarar na dawowa ninki.

5. Bugun kansa

Ga sirrin da mai kallo ba ya gani. Daga nesa sai kace muna bugawa ne muna tafiya, alhali akwai tsayawa a ciki, gajeriya ce kawai, kamar ta numfashi ɗaya. Yadda take:

Alama ta zo. Ka ɗaga ido ka tabbatar da sararinka. Ka ɗana, bakin na sama, yatsa har yanzu a waje. Ka yi taku da hagu ka dasa ta, dama na baya kaɗan, faɗin kafaɗa tsakaninsu, nauyinka ya ɗan rinjaya gaba. Ka ɗaga bindigar ta yi tsaye sosai ta ɗan karkata gaba kaɗan, gurin hular ya yi nesa da fuskarka, hannu biyu riƙe gam. Sai yanzu yatsa ya shiga. Ka matsa kunama a hankali, kar ka fizga. Ta tashi, ka ƙirga ɗaya biyu bindiga na nan a sama, ka fitar da yatsa, ka sauke ta zuwa riƙon tafiya, ƙafar dama ta ci gaba.

Me ya sa sai an dasa ƙafa? In ƙafa ɗaya na sama lokacin da ta tashi, turin da zata yi maka ba abin da zai tare shi, sai ka yi baya ko ka juya, bakin ya sauko. Fizgar kunama ita ma janyo bakin take ƙasa da gefe. Sabon shiga kuma yana da wata ɗabi'a, kafin ƙarar ta zo ya riga ya runtse ido ya noƙe kai ya sauke hannu, jikinsa na gudun abin da bai faru ba tukunna. Maganinta atisaye da bindiga babu komai a ciki, an saka ɗan ƙyalle ko fata a gurin hular dan kar ƙarfen ya lalace, a yi ta yi har ya zama idonka a buɗe yake in ta sara. Sannan a fita bayan gari tare da babba, inda aka ba da izini, ka yi bugun gaske a tsaye sau da yawa kafin ka haɗa da tafiya. Wanda bugunsa na farko a duniya ranar sallah ne a filin idin Ƙofar Mata, wanda ya ba shi bindigar ne mai laifi.

Bugu da hannu ɗaya, juya bindiga a sama, bugawa a ƙasa kusa da ƙafa dan ƙura ta tashi, duk na san ana yi kuma 'yan kallo na so. Na ƙasan nan ni ban yarda da shi ba sam, tsakuwa yake watsawa a ƙafafun mutane. Sauran kuma ba na shekararka ta farko ba ne, ba na ta biyu ba.

In a jere kuke za ku buga ɗaya bayan ɗaya, ka bar tazarar da ko ka miƙa hannu da bindiga ba zaka taɓa na kusa ba, kuma kar ka yi gaggawa dan naka ya biyo na gaba. In ka makara ka makara, ka bari a zagayo.

6. In ta ƙi tashi

Zata ƙi, ba makawa, balle in sallah ta faɗo a damina albarushi ya sha sanyi. Ka ja kunama ka ji ƙyas shiru. Abin da jikinka zai ce maka shi ne sauke ta ka duba. Kar ka sauke. Wani lokacin wutar ta kama tana ci a hankali ne, sai bayan daƙiƙa kaɗan ta tashi. Ka bar ta a sama ka fita gefen layi a haka, ka ƙirga sittin a ranka ba da sauri ba, ka ɗaga murya ka gaya wa na kusa ta ƙi. Bayan nan ka cire tsohuwar hula, ka buɗe hudar da tsinken waya, ka sa sabuwa, ka sake gwadawa a gurin da ya dace. In ta ƙi sau biyu ta gama aiki yau, a zuba mata ruwa ta baki ya jiƙa ɗurin, babba ya kwashe kafin a watse.

Shekarun baya a gabana wani yaro daga wata tawaga tasa ta ƙi, ya sauke ya juyo da ita yana hura hudar da baki, ta tashi. Allah ya taƙaita bakin na kallon katanga, amma gefen fuskarsa har yau da ɗigo-ɗigon baƙi kamar an yi masa zane. Ba a hurawa, ba a leƙawa, ba a bubbuga gindinta a ƙasa.

In an samu ƙuna, ruwa mai tsabta za a yi ta zubawa kamar minti 20, ba man goge baki ba, ba manja ba, ba ɗanyen ƙwai ba, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti. In ido ne kar a murza kar a ce za a ciro, a rufe a tafi. Ku san tun kafin fita wa zai ɗauki mutum a babur in ta kama, dan ranar hawa mota ba ta motsi a cikin gari.

7. Doguwar hanya

Ranar sallah daga filin idi a biya Gidan Shettima a shiga gidan sarki, wannan da sauƙi. Hawan Nasarawa shi ne gwajin, a je gidan gwamnati a zagayo ta Sabon Gari, kwalta ce da rana, Ɗorayi da Fanisau kuma hanya ce ta fita gari. Sallah tana matsowa da kamar kwana goma sha ɗaya duk shekara, wanda ya fara a sanyi wata rana zai yi ta a tsakiyar bazara. Kuskure yawanci ba a farkon hawa yake zuwa ba, sai an gaji, hannu ya yi sanyi, bindigar da ke kallon sama da safe ta fara kwanciya a kafaɗa tana kallon na baya. In ka ji haka ka cire hular, ka sauya hannu, ka sha ruwa, ka gaya wa babba ka huta da bugu. Bayan wata guda na azumi jiki bai gama dawowa ba, ka karya da abu mai riƙe ciki kafin ka fita. Wanda ya sha wani abu dan wai ya ji ƙarfi, a tawagarmu karɓe bindigar ake a sallame shi a gurin, ko ɗan waye. Sigari ma haka, ba mai kunna ta kusa da jaka. Kuma ba a ba ɗan kallo bindiga ya riƙe dan hoto, ko da ka rantse babu komai a ciki.

8. Wanki

Ba a shiga gida da ɗuri. Kafin a watse kowa ya zura sandarsa a gaban babba a ga alamar "babu komai".

A daren ranar zaka wanke, kar ka ce sai an gama hawa duka. Dattin albarushi yana jan danshi daga iska kuma yana cin ƙarfe, kwana biyu ya isa tsatsa ta kama. Ruwan zafi da ɗan sabulu, ka zuba ta baki ka yi ta zura tsumma, ruwan zai fito baƙi ƙirin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ka ci gaba har ya fito fari, ka ɗauraye da ruwan zafi zalla dan zafin ya taimaka ya busar. Ka kifa ta ta tsane, ka bi da busasshen tsumma har sai ya fito ba laima, sannan ɗan mai kaɗan ciki da waje, man keken ɗinki ya isa in babu na bindiga. Da safe kafin ɗuri ka goge man nan tas, in ba haka ba shi zai jiƙa maka albarushi ta ƙi tashi tun bugun farko.

In an gama hawa gaba ɗaya, ragowar albarushi da hula a mayar gurin babba, ba a ajiye su a ɗakin da ake girki ko inda yara ke shiga. Bindigar a kulle ta, ka ɗaura ɗan ƙyalle mai mai a bakin saboda zanzaro, ka ɗaure shi ta waje yadda zaka gan shi, kar ka cusa shi ciki ka zo babbar sallah ka manta.